FILATINAM DA DANGINSA: ASALINSU A CIKIN DUWATSU DA HANYOYIN TACE SU, TARE DA WAIWAYE A KAN ƘASAR BERI

1.0 GABATARWA

Hausawa sun daɗe da sanin ma'adinai, kuma harshensu shaida ne a kan haka. Akwai tama wadda ake narkawa a fitar da baƙin ƙarfe, akwai kuza da dalma da tagulla, ga kuma azurfa da zinariya waɗanda maƙeran farfaru suke aiki da su. Kowane ɗaya yana da sunansa da masu sana'arsa. Amma akwai wani rukuni na ƙarafa shida masu tsada wanda bai taɓa ratsa maƙerar Bahaushe ba, saboda haka bai sami suna a harshen ba. Wannan shi ne rukunin filatinam.

Abin da ya jawo rubuta wannan maƙala ya faru ne a garin Beri da ke ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, yankin da aiki ya kawo ni, nesa da gida. Wata ranar kasuwa wani saurayi mai haƙar zinariya ya ji ana kira na malami, sai ya ja ni gefe, ya zaro wata 'yar kwalbar allura cike da ƙananan tsakuwoyi masu ƙyalli kamar azurfa. Ya ce, “Malam, don Allah mene ne sunan wannan a boko? An ce mini farin gwal ne, wai ya fi ja tsada.” Ashe har ya sayar da tumakinsa biyu don ya ƙara wa raminsa zurfi. Ni kuwa malamin harshe ne, don haka na nemi ya ba ni kaɗan daga ciki, na tafi da shi wurin abokan aikina na fannin kimiyya.

Maƙalar za ta yi bayanin waɗannan ƙarafa, da yadda suke taruwa a cikin dutse, da matakan da ake bi kafin a tace su. Daga nan sai a dubi duwatsun ƙasar Beri a ga ko sun dace da wannan bayani.

2.0 SUNA DA SIFFA

Ƙarafan guda shida su ne filatinam da faladiyam da rodiyam da ruteniyam da iridiyam da osmiyam. Ana kiran su dangi ne saboda halayensu sun yi kama, kuma kusan kullum tare ake samun su a dutse ɗaya. An aro sunayen a nan bisa ƙa'idar da Hausa ta saba bi wajen aro, wato raba baƙaƙen da suka haɗu ta hanyar cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda aka yi wa kalmomin firamare da filasta. A ganina aron ya fi amfani da “farin gwal” ko “farar zinariya”, domin wannan suna yana da mai shi. Abin da masu kayan ado suke kira farar zinariya, zinariya ce ta ainihi da aka gauraya da faladiyam ko nikel, sa'annan aka shafe ta da rodiyam. Idan aka bai wa abu biyu suna ɗaya a kasuwa, mai sayarwa ne yake kwana ciki.

Filatinam fari ne, ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, kuma yana da nauyi ƙwarai. Idan aka cika mazubi mai cin lita ɗaya da shi, nauyinsa zai kusa kilo 21 da rabi, alhali na zinariya kilo 19 ne da 'yan kai, na dalma kuwa kilo 11. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768 a ma'aunin Salshiyas, ita kuwa zinariya a 1,064 take narkewa. Wannan ne ya sa wutar gawayi da zugazugi ba ta iya masa komai.

Taurin kan nan nasa ya sa aka daɗe ana raina shi. Mutanen Sifaniya da suke wankin zinariya a yankin Choco na ƙasar Kolambiya ta yau sun riƙa ganin wasu fararen tsabobi suna maƙalewa tare da zinariyarsu, wuta ba ta narka su, wanki bai raba su. Suka sa musu suna “platina”, wato 'yar azurfa, sunan raini ke nan. Antonio de Ulloa ne ya bayyana shi a rubuce ga Turai a 1748. Abin lura shi ne, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, mutanen gaɓar tekun Ekwado suna yin kayan ado da shi, ta hanyar liƙe tsabobinsa da narkakkiyar zinariya su yi ta bugu. Sauran dangin an gano su ne daga baya. William Wollaston da Smithson Tennant sun ware huɗu daga ciki a Ingila tsakanin 1802 da 1804, Karl Klaus kuma ya gano ruteniyam a Kazan ta ƙasar Rasha a 1844.

3.0 YADDA SUKE TARUWA A CIKIN DUTSE

Waɗannan ƙarafa suna da ƙaranci matuƙa a bayan ƙasa. In aka ɗebi tan 100 na dutsen da aka saba gani, filatinam ɗin da ke ciki bai kai giram ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne suna da son baƙin ƙarfe, don haka tun farkon samuwar duniya mafi yawansu suka bi shi zuwa can tsakiyarta. Ɗan abin da ya rage yana cikin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Tambayar da masana duwatsu suke yi ita ce, yaya aka yi abin da ya warwatsu haka ya taru a wuri ɗaya har ya isa haƙa?

Amsar da mafi yawansu suka yarda da ita tana farawa ne da narkakken dutse. Wani lokaci ɓangaren can na ƙasa yakan narke, ya taso sama, ya kutsa tsakanin duwatsu, ya taru kamar tafki a ƙarƙashin ƙasa. Irin narkakken dutsen da ake nufi shi ne baƙi mai nauyi, mai yawan baƙin ƙarfe da maganiziyam. Yana hucewa a hankali cikin dubban shekaru, ƙwayoyin ma'adinai suna ƙulluwa suna kwanciya hawa-hawa, tamkar yadda gasara take kwanciya a gindin roba ta bar ruwa a sama.

A cikin wannan hali, idan farar wuta ta yi wa narkakken dutsen yawa, sai ta ware tare da nikel da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, ta zama ɗige-ɗige waɗanda ba su gauraya da sauran ruwan dutsen, kamar mai a cikin ruwa. A nan sirrin yake. Filatinam da danginsa sun fi son waɗannan ɗige-ɗige a kan ruwan dutsen sau dubbai, saboda haka duk inda ɗigo ya ratsa sai ya tsince su. Da yake ɗigon yana da nauyi, sai ya nitse ya kwanta a shimfiɗa guda siririya. Sharaɗin dai shi ne narkakken dutsen ya kasance mai ɗimbin yawa, ɗige-ɗigen kuma 'yan kaɗan, yadda kowane ɗigo zai yi kiwo a fili mai faɗi. Wasu masana suna ganin cewa ruwan zafi da ya taso daga shimfiɗun ƙasa ne ya kwaso ƙarafan ya ajiye su a sama, kuma har yanzu ana wannan muhawara. Amma duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa sai an sami irin wancan baƙin dutse, mai yawa kuma.

3.1 Manyan Wuraren da Ake Samun Su

Babu inda wannan ya faru da girma kamar yankin Bushveld na Afirka ta Kudu. Shekarun duwatsun wurin sun kai miliyan 2,055, faɗinsu kimanin murabba'in kilomita 66,000, kaurinsu kuma ya wuce kilomita 7 a wasu sassa. Amma duk wannan girma, arzikin yana cikin 'yan shimfiɗu ne ƙalilan. Wadda ta fi suna ita ce shimfiɗar Merensky, wadda sau da yawa kaurinta bai kai mita ɗaya ba, amma ana bin ta ɗaruruwan kilomita. A ƙarƙashinta akwai wata mai suna UG2, baƙa wuluk saboda ma'adinin kuromait, a arewa kuma akwai Platreef mai kauri.

Labarin gano ta yana da ban sha'awa ga mai tunanin saurayin Beri. A 1924 wani manomi, Andries Lombaard, ya wanke yashin wani rafi a gonar Maandagshoek da ke gundumar Lydenburg, ya ga fararen tsabobi masu nauyi. Aka aika wa masanin duwatsu Hans Merensky, shi kuma ya bi sawunsu har ya kai ga dutsen da suka fito. Wato da kwanon wanki aka fara, irin wanda ake amfani da shi a rafukanmu. Bambancin yana ga dutsen da ke ƙarƙashin rafin.

Afirka ta Kudu ita ke fitar da kimanin kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya, wanda gaba ɗayansa bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya tana wuce tan 3,000. Bayanta akwai Rasha, inda mahaƙun Norilsk suke fitar da faladiyam mai yawa tare da nikel, sai Zimbabuwe mai wani dogon zirin dutse da ya kai kilomita 550. Akwai kuma Sudbury a Kanada da Stillwater a Amurka.

3.2 Na Cikin Rafi

Idan ruwa da rana suka ruɓar da irin wannan dutse, tsabobin filatinam sukan gangara cikin rafi su kwanta inda zinariya take kwanciya. Irin wannan ne na Kolambiya, da na tsaunukan Ural inda Rasha ta sami wanda ta buga kuɗi da shi daga 1828 zuwa 1845. A Yubdo ta ƙasar Habasha ma an haƙe shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Saliyo. Tsaunukan da ke bayan birnin Freetown irin wancan baƙin dutse ne mai hawa-hawa, kuma a 1926 N. R. Junner ya gano filatinam a rafukansu. An yi wankinsa daga 1929 zuwa 1949, amma abin da aka tara a shekara ashirin ɗin nan bai wuce kilo 160 da 'yan kai ba.

4.0 MATAKAN TACEWA

Tan guda na dutsen Bushveld yana ɗauke da giram 4 zuwa 6 na dangin gaba ɗaya, wato kimanin miskali ɗaya. Kafin a sami oza ɗaya, giram 31 ke nan, sai an haƙo dutse wajen tan 10, lodin tifa guda. Ba a ganin ƙarfen da ido. Yana haɗe ne da farar wuta ko asenik a cikin ma'adinai irin su kufarait da sifirilait, ko kuma ya ɓuya a cikin ma'adinin nikel, kuma a shimfiɗar UG2 ƙwayoyinsa sukan yi kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Silin gashin mutum ya fi su kauri sau da yawa.

Mataki na farko shi ne a farfasa dutsen a niƙe shi da ruwa har ya yi laushi kamar ƙullu. Sai a zuba shi cikin manyan tankuna, a sa wani magani wanda yake manne wa ƙwayoyin da ke da farar wuta ya hana su jiƙa, sa'annan a busa iska daga ƙasa. Ƙwayoyin da maganin ya kama sai su maƙale wa kumfa su taso sama, tsakuwar banza ta zauna a ƙasa. Mai karatu zai iya kwatanta wannan da kaɗa nono, inda man shanu yake tasowa a yaɗe shi. Abin da aka yaɗe yakan ƙunshi giram 100 zuwa 300 a kowane tan, sauran kuma, wanda ya fi kashi 95 cikin 100 na dutsen da aka haƙo, a tura shi juji.

Mataki na biyu narkarwa ce. Ana busar da abin da aka yaɗe a zuba shi a tanderun lantarki mai zafin digiri 1,400 zuwa 1,600. A nan mutum yana maimaita abin da ya faru a cikin ƙasa ne tun da fari: narkakken ma'adinin farar wuta ya nitse da filatinam a cikinsa, kashin maƙera ya taso a zubar. Daga nan a busa wa na ƙasan iska don ta ƙone baƙin ƙarfe da wani kaso na farar wutar. Hayaƙin da ke fita guba ne, shi ya sa ake kama shi a mayar da shi asid irin na ruwan batir. Kuromait ɗin da ke cikin UG2 ba ya narkewa da sauƙi, yakan taru ya toshe tanderu, kuma wannan matsala ce ta sa aka jinkirta haƙar shimfiɗar sosai har wajen shekarun 1980.

Na uku, a jiƙa abin da ya saura a cikin asid mai zafi don a cire nikel da jan ƙarfe da kobal, waɗanda su ma kayan sayarwa ne. Ɗan baƙin garin da ya rage, rabinsa ko fiye dangin filatinam ne. Raba 'yan'uwan nan shida shi ne aiki mafi wuya, saboda kamar da ke tsakaninsu. Ana narkar da garin a asid mai ƙarfi da iskar kulorin, a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Filatinam yana fita ne a matsayin wani gishiri ruwan ɗorawa, a ƙona shi ya bar ƙarfe mai soso-soso wanda tsarkinsa ya kai kashi 99.95 cikin 100. Gishirin nan yana jawo wa wasu ma'aikata ciwon asma da ƙaiƙayin fata. Daga rami zuwa tataccen filatinam akan ɗauki makwanni, rodiyam kuwa watanni.

Ya kamata a ambaci abin da aikin yake ci na mutane. Wasu ramukan sun wuce zurfin kilomita 2, shimfiɗar kuma siririya ce, don haka a durƙushe ake aiki cikin zafi. A ranar 16 ga Agusta, 2012, 'yan sanda sun harbe ma'aikata 34 da ke yajin aikin neman ƙarin albashi a mahaƙar Marikana, a 2014 kuma ma'aikatan filatinam kimanin 70,000 suka yi wata biyar suna yajin aiki.

5.0 WANDA KE HANNUNMU

Duk da cewa ba a haƙar filatinam a Nijeriya, yana nan a titunanmu. Tun daga 1975 aka fara sa wa motoci a Amurka wata tukunya a jikin salansa mai tace hayaƙi. A cikinta akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda kanikawa suke kira “indomi”, an shafe shi da 'yan giram na filatinam da faladiyam da rodiyam. Wannan ne babban abin da duniya take yi da ƙarafan, musamman biyun ƙarshe. A Maris na 2021 farashin oza ɗaya ta rodiyam ya haura dala 29,000, kuma irin wannan tsada ce ta sa 'yan gwangwan suke neman tukunyar ruwa a jallo, wasu kuma suke cire ta daga motar mutum ba da saninsa ba. Ana tara garin ne a fitar da shi waje, domin a can matatun suke. Ana kuma amfani da filatinam wajen yin takin zamani da tace man fetur, da haɗa maganin ciwon daji mai suna sisfilatin wanda aka amince da shi a Amurka a 1978.

6.0 DUWATSUN ƘASAR BERI

Yankin da ke gabas da arewacin Kontagora yana kan tsofaffin duwatsun gindi ne, waɗanda wani babban motsin ƙasa ya murɗe ya gasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Mafi yawansu farfarun duwatsu ne irin na falale, waɗanda ba su ɗauke da dangin filatinam. A tsakaninsu akwai zirin duwatsu masu ɓarewa falle-falle da suka miƙa daga kudu zuwa arewa, irin na Zuru da Anka da Maru da Kushaka da Birnin Gwari. A kudu da yamma kuma dutsen yashi ne na kwarin Bida.

Zinariyar waɗannan wurare, wadda aka fara haƙa a hukumance a 1913 kuma ta bunƙasa a shekarun 1930, hanyarta dabam ce da ta filatinam. Ruwan zafi ne ya bi tsagogin dutse ya ajiye ta a cikin jijiyoyin farin dutse. Wannan ruwa bai cika ɗaukar filatinam ba, amma yana ɗaukar dalma da asenik da farar wuta. Gaskiya ne akwai ɓurɓushin baƙin dutse mai nauyi a yankin: dutsen hoda na Kagara daga irinsa ya rikiɗe, kuma an sami kuromait a Tungan Kudaku ta ƙasar Anka. Irin waɗannan wurare sun cancanci a auna su a ɗakin bincike. Sai dai ƙananan gutsattsari ne idan aka kwatanta da Bushveld, kuma ko da an sami wani abu a cikinsu, injin niƙa da kwano da zaiba ba za su fitar da shi ba. Zaibar da take kama zinariya ba ta kama filatinam.

To, mene ne yake ƙyalli fari a kwanon mai wanki? Yana iya zama zinariyar da zaiba ta lulluɓe, musamman a rafin da aka daɗe ana aiki. Yana iya zama ma'adinin asenik, wanda yake warin tafarnuwa in an buge shi. Yana kuma iya zama dutsen kwalli, wato uwar dalma, wanda nauyinsa ya ninka na ruwa sau bakwai da rabi, shi ya sa yake zama a gindin kwano. Gwaji mafi sauƙi shi ne na guduma: filatinam da zinariya suna baɗewa su yi faɗi, sauran kuwa fashewa suke yi.

Da abokin aikina ya ɗora tsakuwar saurayin nan a kan ƙarfe ya buga, sai ta tarwatse ta zama ƙananan gutsattsari masu kusurwa huɗu. Dutsen kwalli ne. Wannan ya fi asarar tumaki biyu tayar mini da hankali, domin ƙurar dutse mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ita ce ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, ta kuma kashe 28 a Shikira da ƙauyukan kusa da ita a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Dalma ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar illa, kuma wanda ya tsira yakan tashi da rauni a ƙwaƙwalwa.

Da kasuwa ta zagayo na koma Beri na same shi, na mayar masa da sauran tsakuwarsa, na gaya masa sunanta da Hausa, sunan da ya sani tun yana yaro. Ya yi shiru, sa'annan ya tambaye ni ko dai a sake gwadawa. Na ba shi guduma ya gwada da kansa. Da na tambaye shi inda yake daka dutsen, sai ya ce a tsakar gida ne, a wani tsohon turmi da ke kusa da madafa, kuma 'ya'yansa biyu ne, babban bai kai shekara huɗu ba.